Yadda Ake Zana Mutum da Layi Kaɗan, Mai Kallo Ya Ƙarasa da Idonsa

Zanen da ya sa na riƙi wannan aiki da gaske bai wuce layi bakwai ba. Wani ɗan dako ne a kasuwar Dawanau, ya saɓa buhun masara yana hawa katakon da ake jinginawa a jikin babbar mota. Kafin ya kai sama na gama, don hawan nasa bai kai daƙiƙa ashirin ba. Babu fuska a takardar, babu yatsu, buhun ma gefe ɗaya kawai na ja. Da yamma na nuna wa mahaifiyata. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Allah sarki, kayan nan sun yi wa bawan Allah yawa." A makon ne kuma na kwashe awa biyu ina zana ƙanena yana zaune, har da gashin gira da maɓallan riga. Da ta ga wannan sai ta ce hancin bai yi kama da nasa ba, ta miƙo mini takardata.

A zane na farko na bar mata wuri, ta shiga ta ƙarasa da abin da ta sani na nauyi da gajiya. A na biyu na toshe kowace kafa, ban bar mata aikin yi ba sai neman kuskure. Abin da zan koya maka a nan shi ne yadda za ka bar wa mai kallo wannan wuri da gangan.

A makarantun zane ana kiran irin wannan aiki abstirak. Ni idan ina koyar da yaran da ke zuwa shagona nakan ce tataccen zane, saboda ya yi kama da yin gasarar koko: ka jiƙa gero, ka niƙa, ka tace, dusa ta fita, mai amfanin ya kwanta a ƙasa. Wanda bai jiƙa komai ba, ba shi da abin tacewa. Shi ya sa nake nacewa ka fara da mutum mai rai a gabanka. Hoton waya ya riga ya daskarar da mutum, ya baje shi, ya zaɓa maka abin da za ka gani. Mai rai kuwa yana numfashi, yana gyara tsayuwa, yana gajiya, kuma wannan motsin ne zai tilasta maka ka kama abu mafi muhimmanci kafin ya kuɓuce.

Kayan aiki ba su da tsada. Gawayi mai laushi, takarda mai yawa, da ɗan katako ko kwali mai kauri da za ka ɗora a cinya. Gawayin girki yana karce takarda, don haka nakan yi nawa: in yanko siraran itatuwa masu kaurin fensir, in ɓare bawon, in cika gwangwanin madara da su, in rufe, in huda ƙaramar kafa a murfin, in tura cikin garwashi har hayaƙi ya daina fitowa, in bar shi ya huce kafin in buɗe. Takarda kuwa, ɓawon ciki na buhun siminti ya fi mini farar takarda, yana kama gawayi, kuma ba ka jin tsoron ɓata shi. Wannan tsoron na ɓata farar takarda yana kashe hannun masu koyo da yawa. Idan ka fara samun hannu, ka gwada tawadar allo da alƙalamin kara. Ba a goge tawada, don haka za ta koya maka ka yanke shawara kafin ka ja.

Kada ka zana kowa a sace. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Sannu da aiki, Baba. Ni mai koyon zane ne, ka yarda in zauna nan gefe in zana yadda kake aikin nan?" Mafi yawa sukan yi dariya su ce bismillah. In ka gama ka nuna musu, in mai sana'a ne ka sayi wani abu a wurinsa. Mata kuwa ka tsaya kan na gidanku da suka yarda. Akwai kuma maganar addini kan zana abu mai rai, wadda malamai suka yi bayani mai yawa a kai, wasu suka tsananta, wasu suka sassauta idan surar ba cikakkiya ba ce. Ka kai wannan tambaya gun malamin da ka amince da iliminsa. Abin da na gani da idona shi ne yawancin ɗalibaina ba sa zana fuska ko kaɗan, kuma aikinsu bai ragu da komai ba.

To, ka zauna, ga mutum a gabanka. Kada gawayi ya taɓa takarda tukuna. Tambaya ɗaya za ka fara amsawa: wace ƙafa ce ke ɗauke da shi? Tashi ka gwada a jikinka. Ka tsaya, ka mayar da duk nauyinka kan ƙafar dama. Za ka ji ƙugunka na dama ya ɗaga, kafaɗarka ta dama ta sauka. Layin kafaɗu da layin ƙugu sun karkata, kowanne ya nufi ɗaya ta gefen da nauyi yake, kamar almakashin da aka ɗan buɗe. Sannan ka taɓa ɗan kwarmin nan da ke ƙasan maƙogwaronka. Idan aka saki zare mai ɗauke da dutse daga nan, kan ƙafar da ke ɗauke da kai zai sauka. In ka kuskure wannan a takarda, mai kallo zai ji mutumin naka yana shirin faɗuwa ko da bai san dalili ba. Wani lokaci faɗuwar kake so, kamar mai gudu ko ɗan dambe da ya kai bugu, sai ka fitar da kwarmin wuyan gaba da ƙafa da niyya.

Kaya suna sauya wannan lissafi, kuma a nan garuruwanmu suka fi ɗakin zane na kowace makaranta arziki. Yaro mai ɗauke da jarka ɗaya yana karkacewa zuwa ɗaya gefen, ya ware hannun da babu komai. Uwa mai ɗa a kwiɓi tana tura ƙugu waje ta janye ƙirji. Yarinya mai faranti a ka, wuyanta a miƙe yake kamar an auna da igiya, duk lanƙwasar tana ƙugu da gwiwa. Ɗan dakon nan na Dawanau ya duƙa gaba har kansa ya wuce yatsun ƙafarsa, don buhun ya zauna daidai kan sawunsa. Karkatar nan ce mahaifiyata ta gani ta ji nauyin buhun da ban ma zana sosai ba.

Layinka na farko ya zama dogo guda ɗaya, daga tsakar ka, ya bi gadon baya, ya sauka har diddigen ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Ka riƙe gawayin kamar yadda ake riƙe sanda, ka ja daga kafaɗa. Riƙon biro yana haifar da gajerun layuka masu rawa, kamar sawun kaza. Bayan dogon layin sai karkatar kafaɗu, sai ta ƙugu, sai inda ƙafa ta biyu ta taɓa ƙasa. Shi ke nan, juya takarda. Daƙiƙa talatin ga kowane zane, guda ashirin a jere, kafin ka yarda wa kanka da na minti biyu. Goma na farko za su fito a ƙage, kada su dame ka, hannu ne ke warwarewa.

Idan motsin mutane ya yi maka sauri, nemi aikin da ke maimaita kansa. Mace mai daka za ta ba ka tsayuwa ɗaya sau ɗari. Haka mai faskare, haka maƙeri, haka mai jan guga. Ka zaɓi lokaci ɗaya ka jira shi ya dawo. A daka, lokacin da na fi so shi ne sa'ad da taɓarya ta kai ƙarshen sama, gab da ta juyo: diddige ya ɗan ɗaga, baya ya miƙe, haɓa ta sauka tana duban turmi. Wanda ya ga zanen yakan ji saukar taɓaryar a kunnensa, don kansa ya riga ya san abin da ke biye.

Wani horo da nake so ka yi kullum shi ne zane ba tare da duban takarda ba. Ka kafa ido a kafaɗar mutum, ka ɗora gawayi a takarda, ido ya riƙa bin gefen jiki a hankali, hannu yana bin ido. Abin da zai fito zai karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma layin zai zama na mutumin nan da ke gabanka, ba na mutumin da ka haddace tun firamare ba. Auguste Rodin, masassaƙin nan na Faransa, haka ya riƙa yi a ƙarshen rayuwarsa: ya bar masu tsaya masa suna yawo a ɗaki, yana zana su idonsa na kansu. A 1906 da masu rawar fadar Sarki Sisowath na Kambodiya suka zo Faransa, ya bi su daga Paris har Marseille, ya yi musu zane kusan 150. Ka nemi waɗannan zane-zane a intanet ka dubi hannayen. Wasu layi biyu ne da ɗan ruwan launi, amma lanƙwasar wuyan hannun tana nan daram.

Ma'aunin jiki kaɗan ya ishe ka. Tsayin babba kusan kai bakwai da rabi ne, rabin tsayin yana wajen mahaɗar cinyoyi, gwiwar hannu tana daidai da cibiya, yatsu suna kaiwa tsakiyar cinya. Ka san su don in ka karya su ya zama da saninka.

A Turai tsirara ake tsaya wa masu koyon zane. Mu mutanenmu a cikin tufafi za mu zana su, kuma na daɗe da daina ganin wannan a matsayin cikas. Babbar riga ta riga ta yi maka rabin tacewar, ta mayar da mutum babbar siffa guda mai kusurwa uku ko huɗu. Abin nema shi ne inda tufa take rataye. Babbar riga a kafaɗu take rataye, hijabi a tsakar ka sannan kafaɗu, zani a ƙugu. Daga waɗannan wurare duk ninkin yadi ke tasowa, kuma in gwiwa ko gwiwar hannu ta turo yadin daga ciki, sabon ninki ya tashi daga nan. Ka danna gawayi inda tufa ta taɓa ƙashi, ka sassauta ko ka ɗaga hannu gaba ɗaya inda take lilo a iska. Na taɓa zana wani dattijo yana tafiya masallaci, iska ta cika rigarsa. Abin da na sa kawai shi ne hula, gangaren kafaɗa ɗaya, wurin da gwiwa ta turo riga, da diddige. Farar takarda ce ta zama rigar.

Tacewa ta gaske a gida ake yin ta. Ka zaɓi zane ɗaya daga cikin na ranar, ka manna shi a gilashin taga da rana, ka ɗora siririyar takarda a kai, ka bi layukan da in babu su mutumin zai rushe, ka bar sauran. Ka cire na farko, ka ɗora sabuwa a kan na biyu, ka sake. Rodin ma yakan kwafe zanensa a wata takarda yana rage layuka. Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen, ya yi irin wannan da bijimi tsakanin Disamba 1945 da Janairu 1946, mataki goma sha ɗaya a kan dutsen ɗab'i, daga ƙaton sa mai tsoka har ya koma 'yan layuka sirara da ƙaho. Ka sa wa takardunka lamba. A wurina yawanci na huɗu ko na biyar ne ke mutuwa, ya koma alama irin ta ƙofar bayan gida a filin jirgi, wadda ke nufin kowa da kowa. Idan ka kai nan, koma baya taki ɗaya. In kana shakkar wani layi, rufe shi da babban yatsa ka duba. In mutumin yana nan, layin dusa ne.

Yanzu ga abin da ke faruwa a idon mai kallo, don sanin sa ne zai gaya maka abin da za ka bari.

A 1973 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson, ya ɗaura ƙananan fitilu kamar goma zuwa goma sha biyu a gaɓoɓin mutum, kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwa da idon sawu, ya ɗauki fim a cikin duhu. Idan hoton yana tsaye, masu kallo ɗigo-ɗigon haske kawai suke gani. Da ya fara motsi, nan take su ce ga mutum yana tafiya. A 1977 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa daga irin waɗannan ɗigo mutane kan iya bambance tafiyar namiji da ta mace, har su gane abokansu fiye da yadda cinke zai ba su. Abu biyu na ɗauka daga nan. Gaɓoɓi ne ke ɗauke da labarin jiki, don haka in za ka rage komai, ka bar alamar inda suke. Sannan takardarka ba ta motsi, ɗigo kaɗai ba za su yi maka aiki ba, dole layin da ya haɗa su ya nuna inda jikin ya fito da inda ya dosa. Layin da ya fara da kauri ya ƙare a siriri, ido yana bin sa kamar an nuna masa hanya da yatsa.

Fuska kuma ɓarauniyar ido ce. Alfred Yarbus, wani masani ɗan Rasha, ya auna yadda ƙwayar ido ke yawo a kan hoto, aka fassara littafinsa zuwa Turanci a 1967. Ya nuna cewa ido yana komawa kan fuska a kai a kai, musamman idanu da baki. Ɗigo biyu da ɗan layi a ƙasansu sun isa su janye mai kallo daga bayan da ka sha wahalar lanƙwasawa. In labarinka a gadon baya yake, bar kan a matsayin ƙwai mai karkata, karkatar ta isa ta nuna inda mutumin ke duba. Yarbus ya kuma nuna cewa tambayar da aka yi wa mai kallo kafin ya duba tana sauya hanyar da idonsa ke bi. Saboda haka sunan da ka sa wa zane yana cikin zanen. Siffa guda a tsugune, ka rubuta "Mai rini" a ƙasa, za a dubi hannaye. Ka rubuta "Zaman makoki", za a dubi wuya da kafaɗu. Ni nakan bar wasu babu suna in ina son jin abin da mutane za su kawo da kansu.

Ido kuma yana ƙin giɓi, yana cike shi da kansa. Ka ja gefen cinya ka tsaya, ka ci gaba a ƙwauri, mai kallo zai ga ƙafa cikakkiya, kuma zai fi jin daɗinta don da hannunsa a ciki. Sai dai giɓin yana da iyaka: bakin layukan biyu su kalli juna. Haka sararin da ke tsakanin gaɓoɓi shi ma siffa ne. Edgar Rubin, wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Denmak, ya shahara da hoton nan na 1915 da in ka duba ka ga kofi, in ka sake dubawa ka ga fuskoki biyu suna kallon juna. Ɗan sararin mai kusurwa uku da ke tsakanin hannu da kwiɓin matar da ta riƙe ƙugu, in ka zana shi daidai, hannun da kwiɓin sun samu a kyauta.

Game da miƙar da jiki ko ƙara wa wani sashe girma, shawarata ita ce ka ƙara abin da ka gani, kada ka ƙirƙiro abin da babu. In wuyan mutum ne ya fara jan idonka, ƙara masa tsawo. Alberto Giacometti, masassaƙi ɗan ƙasar Suwizalan, ya sirantar da mutanen da yake sassaƙawa har suka koma kamar sanduna, amma shekaru ya yi yana zaunar da ƙanensa da matarsa a gabansa yana kallonsu. A nan gida, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sun kama wannan hanya. A cikinsu, Uche Okeke ya ɗauko layin uli da matan Ibo ke zanawa a jiki da bango, Yusuf Grillo kuma ya yi mata dogaye masu kusurwoyi cikin shuɗin launi. Dukansu sun koyi zana mutum yadda yake kafin su fara tacewa.

In ka gama, kai zanen gaban mutane, amma kada ka tambayi ko ya yi kyau, kunya za ta sa a ce maka ya yi. Ka ɗaga takardar daga nisan taki biyar, ka ƙirga uku, ka kife ta, ka ce, "Me mutumin nan yake yi?" Yara da tsofaffi sun fi ba da amsa ta gaskiya. In uku daga cikin biyar suka faɗi abin da ka gani, ka kama. In kowa ya faɗi nasa daban, ka duba wace gaɓa ka cire da bai kamata ba. In kuma amsarsu ɗaya ce amma ba taka ba, to ka saurara da kyau: na taɓa zana wata ƙanwar mahaifina tana tsintar shinkafa, mutum huɗu suka ce kuka take yi. Da na koma na dube ta washegari, sai na ga lalle haka take sunkuyar da kai tun bayan rasuwar mijinta. Hannuna ya kama abin kafin hankalina.

Mai shayin bakin layinmu ne babban alƙalina. Ranar nan na baje masa takardu shida a kan tebur, tsakanin gwangwanayen madara, duk na mutanen da suka wuce ta gabansa da safe, babu fuska ko ɗaya. Ya goge hannu a tawul, ya ɗauki ta uku, layi biyar ne a cikinta. Ya ce, "Wannan ai mai gyaran rediyo ne, shi ke jan ƙafar hagu haka." Na ce shi ne. Ya ɗauki ta biyar ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Wannan kam, Malam, ka rage da yawa, ban ga kowa ba." Na koma gida na ɗauko takardar da ta gabace ta a tacewa, na mayar da layin gwiwa da na cire.